Daga Ladan Marubuci Zuwa Kuɗin Mujalla

A zamanin da birnin Katsina yake matattarar almajirai, tun daga zuwan Shehu Magili a ƙarshen ƙarni na 15 har zuwa kwanakin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, wanda duk ya bukaci littafi, in ba shi da halin saye wurin fataken da ke ƙetaro hamada, sai ya ara wurin malaminsa ya kwafa, ko kuwa ya ba marubuci ladan hannunsa. Abin da ake biya sananne ne, wato takarda da tawada da wahalar mai alƙalami, amma shi ilmin ba a yi masa ciniki, har ma malamai suna lissafa ɓoye shi cikin manyan laifuffuka.

Mujallar masana ta Turawa, wadda aka fara fitar da irinta a Faris da Landan cikin 1665, ita ma ta daɗe galibi a hannun ƙungiyoyin masana, waɗanda sau da yawa faɗuwa suke yi a kanta. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da gwamnatoci suka zuba dukiya cikin bincike, 'yan kasuwa suka farga da wani al'amari mai ban mamaki: malami shi ke rubutawa kyauta, 'yan'uwansa su tace masa fisabilillahi, sa'an nan ɗakin karatu ya saya ko nawa aka ce, domin wata mujalla ba ta maye gurbin wata, kamar yadda Risala ba ta isar wa mai neman Muhtasar. A kan wannan Robert Maxwell ya gina kamfanin Pergamon daga 1951, wanda Elsevier na ƙasar Holan ya saye a 1991 kan fam miliyan 440.

Da mujallu suka koma intanet, sai kamfanoni suka ɓullo da cinikin sari wajen 1996, a ɗaure ɗaruruwan mujallu dami guda, a yanke kuɗin bisa abin da jami'a ta saba kashewa zamanin takarda, a ɗora ƙari kowace shekara, a ƙulla alkawari na shekaru uku ko biyar, sau da yawa kuma da sharaɗin kada a bayyana farashin ga kowa. Wannan sharaɗi shi ne ya fi ɓata mini rai, domin ko a kasuwar Charanchi mai sayen sa yana iya tambayar maƙwabcinsa nawa ya sayi nasa.

Mu kuwa a Nijeriya, tun 1986, da aka karya darajar naira, mujallun waje suka yanke wa jami'o'inmu, kuma cikin wannan hali aka kafa Jami'ar Al-Qalam a 2005 da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006. Haƙiƙa Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin Hinari a 2002 don ƙasashe marasa ƙarfi su karanta kyauta ko da rangwame, sai dai sadaka ce, mai ita yana da ikon janyewa ran da ya hango kasuwa.

A wannan shekara ta 2002 masana suka fitar da kiran Budafes, cewa a buɗe wa kowa karatu ba da ko anini ba. Kamfanoni suka amsa, amma suka mai da kuɗin kan marubuci, har mujallar Nature ta yanka yuro 9,500 kan maƙala guda a 2021, jami'o'in Jamus kuma suka daidaita da Wiley a 2019 kan yuro 2,750, kuɗin da ya haɗa karatu da bugu. Malamin Katsina, wanda albashinsa naira ne, dala kuwa ta haura naira 1,500 a 2024, an buɗe masa ƙofar karatu an ja masa ta rubutu. Yana iya kai aikinsa mujallun gida, waɗanda dandalin AJOL ke tattarawa tun 1998. Amma in lokacin ƙarin girma ya zo, jami'o'i da dama sukan tambaya ko mujallar tana cikin rajistar Scopus, ita kuwa Scopus mallakar Elsevier ce.