Fararen hanyoyin Tuskani

Tsakanin birnin Siena da garin Montalcino, a yankin Tuskani na ƙasar Italiya, akwai hanyoyin karkara da har yau ba su ga kwalta ba. Burji ne na farin dutse da aka farfasa aka daddaɓe. Hanyar kan bi kan tudu, ta faɗa kwari, ta sake hawa, ba ta san miƙewa ba. Mutanen wurin na ce musu strade bianche, fararen hanyoyi, kuma duk shekara dubban mahaya keke ke zuwa daga ƙasashe masu nisa don su bi su. Kekena ya sha ƙurarsu, kuma tambaya ɗaya ta riƙa yi mini yawo a kai ina kan sirdi: a ƙasar da ta shimfiɗa kwalta kusan ko'ina, me ya sa aka tsallake waɗannan?

Wasu daga cikinsu tsofaffi ne ƙwarai. Babbar hanyar da masu ziyarar ibada ke bi daga arewacin Turai zuwa Roma, wadda ake kira Via Francigena, ta nan ta ratsa. A shekarar 990 babban limamin cocin Canterbury ta Ingila, Sigeric, ya biyo ta a hanyarsa ta komawa gida, aka rubuta zangon da ya yi guda 79, ciki har da Siena da garin San Quirico. Da fatake da matafiyan wannan hanya Siena ta yi arziki. A zauren majalisar birnin akwai zanen bango da Ambrogio Lorenzetti ya yi tsakanin 1338 da 1339 a kan amfanin mulki nagari. Na daɗe a gabansa ina kallon ɓangaren karkara. Ga hanya ta fito daga ƙofar gari, ga jakuna da kaya niƙi-niƙi, ga masu hali a kan dawakai za su farauta, ga manoma a gona, tuddai kuwa sak waɗanda mutum zai gani yau in ya fita bayan gari. Shekara tara bayan kammala zanen, a 1348, annoba ta faɗa wa Siena ta yi mata mummunar ɓarna.

Sai dai yawancin hanyoyin da ake hawa yau ba na matafiya ba ne, na manoma ne. Ɗaruruwan shekaru ana noman Tuskani a kan tsarin mezzadria. Mai ƙasa, wanda galibi a birni yake zaune, zai ba iyali gona da gidan dutse a tsakiyarta, su kuma su zuba ƙarfinsu, in kaka ta yi a raba amfani biyu: alkama, man zaitun, inabi, duk rabi nasa. Yana da wakili mai riƙe da littafin lissafi, kuma a littafin nan manomi bai cika fita daga bashi ba. In mai ƙasa ya ga dama, ƙarshen shekarar noma sai ya sallami iyalin su nemi wata gonar. Da yake kowane gida a keɓe yake a kan tudunsa, dole a sami hanyar da za ta haɗa shi da gidan wakili, da injin niƙa, da coci, da kasuwa. Manyan fararen shanun Chianina ne ke jan amalanke a kansu. Shi ya sa hanyoyin ke da kwana-kwana haka, suna bin iyakar gonaki, suna zagaye abin da sa ba zai iya hawa kai tsaye ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu suka buɗe a Florence da Prato da biranen arewa. Matasa suka ga albashin wata ya fi rabin buhu, suka tafi, iyaye suka bi su. Cikin shekarun 1950 da 1960 gidajen gona suka yi ta zama kufai. A 1964 doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar mezzadria, kuma a wannan shekarar ce aka kammala babban titin da ya haɗa Milan da Napoli. Kwalta inda jama'a suke take bi. Wa zai kashe kuɗi a kan hanyar da ta ƙare a gidan da rufinsa ya rufta? Makiyaya daga tsibirin Sardiniya ne suka zo da tumakinsu suka sayi filayen tuddan yumɓu na kudancin Siena da araha. Amsar tambayata ke nan, kuma ba mai daɗi ba ce: talauci da ƙaura ne suka tsare waɗannan hanyoyi.

Zuwa shekarun 1990 kwalta ta fara cin sauran da suka rage. Wani ɗan garin Gaiole da ke yankin Chianti, Giancarlo Brocci, ya ga in ba a yi wani abu ba za su ƙare. A watan Oktoba na 1997 ya tara mahaya 92 suka bi hanyoyin, ya sa wa taron suna L'Eroica. Ya gina shi a kan ƙaunar da Italiyawa ke yi wa gwanayen tseren da, irin su Fausto Coppi da Gino Bartali, waɗanda suka yi suna tun manyan hanyoyin duwatsu ma burji ne. Bartali ɗan Tuskani ne, ya ci tseren Tour de France a 1938 da 1948, a lokacin yaƙi kuma ya riƙa ɓoye takardun shaida na jabu cikin bututun kekensa don ceton Yahudawa. Ƙa'idar L'Eroica ita ce keken ya zama irin na da, na 1987 ko kafin nan, mai maɓallin giya a jikin ƙarfen gaba, feda mai ɗaurin fata. Doguwar hanyar ta haura kilomita 200, ana tashi tun da duhu da fitila, a zango kuma a ba mutum ribollita, miyar wake da kabeji da tsohon burodi, abincin manoman da.

Hawa burjin nan sai da koyo. A gangara akwai gargada da tayoyin mota suka bari, hannu ya yi ta rawa har yatsu su mutu. In ka matse birkin gaba a kan kwana, tsakuwa ta kwashe tayar. A hawa kuma in ka miƙe tsaye kan feda tayar baya ta yi ta juyawa a banza, dole ka zauna ka danne sirdi ka yi haƙuri. Da rani ƙurar kan lulluɓe gira da gashin hannu, mutum ya yi fari fat kamar wanda ya kwana a waje da hunturu. Na ga wani dattijo a gefen hanya kusa da garin Asciano, rigar ulu a jikinsa, ya kifa kekensa yana faci, yana lasar yatsa yana shafa bututun tayar don ya gano inda iska ke fita. Ko kallon masu wucewa bai yi ba.

Daga taron masu sha'awa na L'Eroica aka haifi tseren ƙwararru a 2007, wanda yanzu ake kira Strade Bianche, ana yin sa farkon Maris, na mata kuma ya fara a 2015. Ana ƙarewa a dandalin Piazza del Campo na Siena bayan hawan wani matsattsen lungu mai tsananin tudu. Fabian Cancellara ya ci sau uku, a 2008 da 2012 da 2016, har aka sa sunansa a burjin Monte Sante Marie mai tsawon kilomita 11.5. Kekunan burji na zamani masu faffaɗar taya, da suka bunƙasa a Amurka, sun ƙaro baƙi a duk tsawon shekara.

Ina murna da an bar hanyoyin yadda suke, da gaske nake. Abin da ke damuna shi ne yadda ake tallar su a matsayin kyan yanayi kawai, da layin itatuwa da faɗuwar rana, ba a ambaton iyalan da suka ɗebi dutse suka cike ramukansu. Gidajen nasu da yawa sun zama masaukin baƙi, wasu kuma attajiran Ingila da Jamus suka saye. Akwai kuma waɗanda har yanzu a bakin burjin suke zaune. Su ne ke rufe taga saboda ƙura da rani, su ne motarsu ke kafewa a taɓo in ruwa ya yi yawa, kuma in ɗayansu ya ce yana son kwalta zuwa ƙofar gidansa, ni da na zo hawan keke ba ni da bakin ce masa a'a.