Daga Yelwa zuwa Gubi: Tarihin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa

Yawancinmu mun taso ne muka tarar da ATBU a garin Bauchi, shi ya sa wasu matasanmu ke zaton tun fil azal haka take. Alhali akwai lokacin da ta rasa matsayinta na jami'a har shekara huɗu.

An kafa ta a 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya, Bauchi, a cikin rukunin farko na irin waɗannan jami'o'i tare da na Makurɗi da Owerri. Manufar ita ce ƙasa ta samu injiniyoyi da masana kimiyya na gida. Ɗaliban farko sun shiga a watan Oktoba na 1981 don karatun share fage, aka fara digiri a 1982.

Ba a je ko'ina ba kuɗin mai ya ja baya, soja suka karɓi mulki. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta mayar da ita ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta koma Kwalejin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Haka aka haɗe ta Yola da Maiduguri, ta Makurɗi da Jos. Sai a 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, ta sake tsayawa da ƙafafunta, ta kuma riƙe sunan da ta samu a lokacin haɗewar.

Sunan kuwa ya dace. Kafin siyasa, Sir Abubakar malamin makaranta ne. Ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta, kuma shi ya rubuta littafin Shaihu Umar. Kabarinsa na nan cikin gari.

Taken jami'ar da Latin yake, ma'anarsa ilimi shi ne uwar sana'o'i. A kan wannan aka gina al'adarta: yawancin kwasa-kwasai shekara biyar ne, kuma sai ɗalibi ya fita koyon aiki a masana'anta ko ma'aikata kafin ya kammala. Daga harabar Yelwa aka faro, daga baya aka buɗe mazaunin dindindin a Gubi, kan hanyar Ningi. Tsohon Asibitin Ƙwararru na Bauchi kuma ya zama asibitin koyarwarta.

Abin da ya rage namu ne. Jami'ar fasaha ba ta ɗaukar yaron da bai ci lissafi da kimiyya ba, ko da gidansu na jikin katangarta. In muna son ganin 'ya'yanmu, maza da mata, sanye da rigar yaye ɗalibai a Gubi, to tun daga firamare za mu sa ido a kan karatunsu. Allah Ya jiƙan magabata, Ya yi wa zuri'armu albarka.