Injin Faifan da Ake Gada

Duk wanda ya koyi gyaran rediyo a Katsina kafin kaset ya mamaye gari ya san cewa injin faifai hawa uku ya yi, kuma kowane hawa ya nuna mana abin da ke ƙarko da abin da ke mutuwa da wuri.

Na farko shi ne garmaho mai hannun wani. Ba ruwansa da lantarki, sifirin ke juya shi, shi ya sa gyaransa ya fi kusa da aikin mai agogo. Faifansa na juyi 78 a minti, ga nauyi, in ya faɗi sai tsince-tsince. Allurarsa ta ƙarfe ce, ƙa'ida a sauya ta bayan kowane gefe, amma tsimi kan sa a bar ta har ta dakushe ta riƙa cin faifan. Ta nan muka yi asarar waƙoƙi da yawa.

A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da faifan roba mai juyi 33, RCA ya biyo da mai 45 a 1949. Sun daɗe kafin su wadata a nan, amma da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, sai falo ya zama bai cika ba in babu injin faifai. EMI a Legas na buga fayafayan Mamman Shata, ɗan Musawa, da na Ɗan Maraya Jos, ga kuma na waƙoƙin Indiya a kasuwa. Yawancin injinan ƙirar BSR ne da Garrard, masu ɗaukar fayafayai a jere suna sako su ɗaya bayan ɗaya. Sun burge mutane, amma su suka fi cika mana shago. Ƙurar hunturu ta haɗu da giris ta daskare, robar da ke juya faranti ta ƙandare, sai murya ta riƙa ja.

Hawa na uku ya zo daga Japan. A 1972 aka fito da Technics SL-1200, wanda motarsa ke juya faranti kai tsaye, babu bel ɗin da zafinmu zai cinye. Ingancinsa ya sa da aka daina ƙera shi a 2010, sai da aka dawo da shi a 2016. Sai dai tun zuwansa na farko Katsina ya tarar kaset ya gama cin kasuwa: ga araha, ga batir, ga kwafi, ga ɗaukar kiɗa a gidan biki.

Mai neman na riƙewa har abada, ga abin da sana'a ta koya mana. Ɗaga shi ka ji nauyi. Taɓa hannun allura, kada ka ji yana girgiɗi. Tabbatar kan allurar irin wanda ake kwancewa a sa sabo ne. Ka yi hattara da na gwanjo daga Amurka: wutarsu zagaye 60 take a daƙiƙa, tamu 50, don haka wanda motarsa ke bin zagayen wuta zai riƙa nawa ko ka sa masa taransifoma. In gadonka fayafayan garmaho ne, nemi mai juyi 78, irin Garrard 401 ko Thorens TD 124, da allurar da aka yi dominsu, domin tsohon Technics bai san wannan juyin ba.

Na damu da wannan ne saboda gidaje da dama, daga Ƙofar Soro zuwa Rafindaɗi, na da fayafayai a adaka, zafi na lanƙwasa su. A jera su a tsaye cikin inuwa, a nemo injin da hannu zai iya gyarawa, a kwashe muryoyin zuwa kwamfuta tun masu gyaran da suka san aikin suna raye.