Tsohon agogon hannu a ƙasar Kano

Tsohon agogon hannu, a ma'anar da masu sayensa ke nufi, shi ne agogon da aka ƙera tsakanin shekarun 1940 zuwa farkon 1970, wanda ke aiki da sifirin da ƙananan ƙafafun ƙarfe maimakon batir. Irin waɗannan agoguna sun shigo ƙasar Kano da yawa ta hanyar kantunan Turawa da tsarabar alhazai, kuma har yanzu ana samun su a hannun masu gyaran agogo da 'yan gwanjo, da cikin kayan gado a garuruwa irin su Gaya da Ajingi da Wudil. Ga mai matsakaicin kuɗi, lafiyar injin da samuwar kayan gyaransa sun fi sunan da ke rubuce a fuskar agogon muhimmanci.

Suna

Kalmar agogo aro ce daga Yarabanci, inda take nufin ƙararrawa. Murɗa makunnin agogo domin ɗaure sifirin kuwa ana ce masa wani, da jan wasalin farko, kalmar da aka aro daga Turanci, shi ya sa ake cewa "agogo mai wani" don a bambanta shi da mai batir. Hausawa na yi masa kirari da "agogo sarkin aiki", kirarin da ake yi wa mutum marar hutu.

Yadda suka shigo

A zamanin Turawa da farkon mulkin kai, manyan kantuna irin su Kingsway na kamfanin UAC da kantin UTC, wanda asalinsa daga birnin Basel na Suwizalan yake, su ne ke sayar da kayan ƙasashen waje a Kano. Ma'aikatan En'e, malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa na cikin waɗanda suka fara ɗaura agogo, saboda aikinsu na bin lokaci ne. Da tafiya Hajji ta jirgin sama ta yawaita daga shekarun 1950, sai kasuwannin Makka da Madina da Jidda suka zama babbar hanya ta biyu. Alhajin ƙauye kan dawo da agogo a hannu, wani kuma a jaka domin tsaraba. Agogon mata ya shiga kayan lefe.

Wannan zamani ya fara ƙarewa ne a watan Disamba na 1969, lokacin da kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu mai batir na farko irin na kwaz da aka sa a kasuwa. Cikin 'yan shekaru agogon batir ya yi arha ƙwarai, kamfanonin agogo na Suwizalan suka ragu daga kimanin 1,600 a 1970 zuwa kimanin 600 a farkon shekarun 1980. Da yawa daga cikin sunayen da ake gani a tsofaffin agoguna na kamfanonin da suka rufe a lokacin ne, kuma wannan shi ne dalilin wahalar samun kayan gyaransu.

Ire-iren da aka fi samu

Seiko 5, wanda aka fara yi a 1963, shi ne ya fi yawa, kuma shi ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi. Yana yi wa kansa wani ta hanyar wani faifan ƙarfe da ke juyawa idan hannu ya motsa, yana nuna rana da kwanan wata, makunninsa kuma yawanci a wajen ƙarfe huɗu yake. Yawancinsu ba a yi musu wani da hannu, girgiza su ake yi su tashi. Waɗanda aka yi domin kasuwar ƙasashen Larabawa suna da sunayen ranaku da Larabci, alamar da sau da yawa ke nuna cewa agogon ta Saudiyya ya biyo. An ƙera su da yawa sosai, don haka mai gyara zai iya ciro kaya daga mataccen agogo ya raya wani. Citizen da Orient, su ma na Japan, suna kusa da shi a farashi.

Daga na Suwizalan akwai West End, wanda ya yi suna a Indiya da ƙasashen Larabawa, musamman samfurinsa Sowar, sai Roamer da Oris. Rado ya samu wata daraja ta daban a wurin alhazai da 'yan kasuwa, musamman DiaStar na 1962, mai gida na ƙarfe mai tauri da ba ya saurin ƙarzuwa. Omega, kamar Seamaster da aka fara a 1948, ya fi ƙarfin matsakaicin kasafi in dai na asali ne. Rado da Omega su ne aka fi yi wa jabu, kuma arharsu kaɗai ta isa ta sa mai saye ya ja baya.

Abin da ake dubawa

Gwaji na farko ba ya buƙatar buɗe agogo. Hannun sakan na agogo mai sifirin yana tafiya ne kamar yana gangarawa, domin injin na bugawa sau biyar ko shida a sakan ɗaya. Idan hannun yana tsalle sau ɗaya a kowane sakan, kusan tabbas injin batir ne a ciki, ko da gidan tsoho ne. Bayan haka sai a sa mai gyara ya buɗe murfin baya a gaban mai saye. Sunan da ke jikin injin ya dace da na fuska, kada a ga tsatsa, kada a ga alamar gam. Rubutun "17 Jewels" na nufin duwatsun yakutu na haɗi guda 17 da aka dasa a wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe. Ba su da tsada a karan kansu, amfaninsu rage cinyewar inji ne.

Fuskar agogo ita ce inda aka fi yaudarar mutane. Ana sake fentin tsohuwar fuska a buga mata suna mai tsada, ko a haɗa gida da inji da hannuwa daga agoguna uku daban-daban. Irin wannan haɗi ya yi ƙaurin suna a cinikin intanet, musamman a kan Seiko da HMT na Indiya. Fuska mai ƙyalli fiye da kima a cikin gidan da ya sha jiki, ko haruffa masu kauri da karkata, abin zargi ne. Fuskar da ta ɗan dafe saboda shekaru ta fi wadda aka sabunta daraja.

Ana iya gane shekarar Seiko daga lambar da ke murfin baya. Alƙalamin farko shi ne ƙarshen shekarar, na biyu kuma wata, inda N ke nufin Nuwamba, D Disamba. Lambar da ta fara da 73 na iya zama Maris na 1967 ko na 1977, sai samfurin injin ya raba gardama. Lambar Omega kuwa a jikin injin take.

Agogon da ke gudu ko jinkiri da abin da bai wuce minti ɗaya a rana ba yana cikin lafiya ga mai irin shekarunsa, kuma cikakken wani ya kamata ya kai shi kwana ɗaya da rabi. Wanda ya zo daga Gaya ko Ajingi zuwa kasuwar Sabon Gari a Kano, tafiyar da ba kullum ake yin ta ba, gara ya yi sharaɗin gwaji na kwana biyu ko uku kafin ciniki ya faɗa. Ya kuma ware kuɗin wanke inji da sa mai tun daga farko, domin wani lokaci kuɗin gyaran kan kai kuɗin agogon kansa.

Kulawa

Ruwa ne babban abokin gabar tsohon agogo, kuma a ƙasar da ake alwala sau biyar a rana wannan ba ƙaramar magana ba ce. Robar da ke hana ruwa shiga ta bakin murfi da makunni kan bushe ta tsage bayan shekaru, don haka alkawarin hana ruwa da aka rubuta a bayan agogon 1965 ba ya aiki a yau. Cire shi ake yi kafin alwala. Idan aka ga tururi a cikin gilashi, a kai wa mai gyara a ranar. Ƙurar hunturu na shiga ta waɗannan kafofi ta gauraya da mai ta zama kamar yashi a cikin inji, gumin bazara kuma na cin ruwan zinarin da aka shafa wa gida, shi ya sa gida na ƙarfe marar tsatsa ya fi ƙarko. Ajiye agogo a kan lasifika ko rediyo na iya sa maganaɗisu ya kama siririn sifirinsa, sai ya riƙa gudu.

Agoguna da yawa da aka yi kafin tsakiyar shekarun 1960 an shafa wa lambobinsu da hannuwansu fenti mai sinadarin radiyam domin su haska da dare. Hasken ya daɗe da mutuwa, amma sinadarin yana nan, kuma garinsa na da illa idan aka shaƙa ko aka haɗiye. Ba a kankare irin wannan fenti, ba a kuma barin yara su yi wasa da agogon da gilashinsa ya fashe. Waɗanda aka rubuta wa harafin T a gefen kalmar "Swiss" a ƙasan fuska suna ɗauke ne da tiritiyam, wanda ya maye gurbin radiyam kuma ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 12.