Sabon Zangon Ankara: Unguwar da Ta Rufa Asirin Baƙo

Duk wanda ya taɓa sauka wani babban birni da mata da 'ya'ya ya san cewa neman ɗaki ya fi neman aiki wuya. Inda haya take da araha, sau da yawa ba a iya renon yara a wurin. Inda kuwa ake iya renon yara, aljihun talaka ba ya kaiwa. Saboda haka yana da kyau mu duba tarihin wata unguwa a ƙasar Gana wadda ta yi fiye da shekara 100 tana ƙoƙarin haɗa waɗannan abubuwa biyu. Sunanta Sabon Zango, ko Sabon Zongo yadda mutanen can suke faɗa, tana kuwa cikin birnin Akra, wanda Hausawa suka saba kira Ankara.

Goro ne ya fara kai Bahaushe ƙasar nan. Fatake sukan tashi daga Kano da Katsina da jakuna, ɗauke da tufafi da kanwa da kayan fata, su yi watanni a hanya kafin su isa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja. Inda ayari ya yada zango, nan ake kafa bukkoki a bayan gari. A hankali bukkoki suka zama gidaje, sunan zango kuwa ya bi su har yau. A yaƙin da Ingilishi suka yi da Asante a 1873 zuwa 1874, Kyaftin Glover ya kawo sojojin Hausawa daga Ikko, waɗansunsu kuwa ba su koma gida ba. A 1877 Turawa suka ɗauke hedkwatarsu daga Cape Coast zuwa Ankara. Sa'an nan a 1892 yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga, 'yan kasuwa da yawa suka gangaro kudu. Ta haka baƙi suka yi ta ƙaruwa a bakin teku.

Cikin malaman da suka zauna a Ankara akwai wani Bakatsine, Malam Na-Inno. Wajen 1881 ya sami fili daga hannun mutanen Ga, masu ƙasar, ya kafa zango a tsakiyar gari, wurin da ake kira Zongo Lane yanzu. Bayan rasuwarsa wurin ya cika ƙwarai, gardama kuma ta tashi tsakanin Hausawa da Yarbawa a kan limanci da shugabancin jama'a. A 1908 annoba ta faɗa wa birnin, hukuma ta shiga rushe gidajen da suka cunkushe. Ɗansa, Malam Bako, ya ga zaman ba zai yi daɗi ba. Sai ya nemi sabon fili daga sarakunan Ga a yammacin gari, hayin tafkin Korle, inda a lokacin daji ne da gonaki. Wajen 1910 zuwa 1912 ya ƙaura da iyalinsa da almajiransa da mabiyansa. Wannan shi ne mafarin Sabon Zango.

Bari mu ga yadda aka tsara zaman, gama a nan ne asirin arahar yake. Malam Bako ya yanka filin ya rarraba wa 'yan'uwansa da mutanensa, har makafi ma suka sami sashensu. Kowa ya gina gida irin na ƙasar Hausa: zaure a bakin hanya inda maigida yake karɓar baƙi, tsakar gida a ciki, ɗakuna kewaye da ita. Baƙon da ya sauka ba ya neman dillali. Maigida yake nema, shi ne zai ba shi masauki, ya ajiye masa kayansa, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa in magana ta taso. In baƙo ya ga wurin ya karɓe shi, sai ya aika a kawo masa iyalinsa, ko ya yi aure a nan.

Da masu gidajen na fari suka rasu, gidajen suka zama na gado. Ba a cika sayar da gidan gado ba, gama magada suna da yawa, kowa kuma yana da ɗakinsa a ciki wanda ba ya biyan haya a kansa. Wanda yake bukatar kuɗi sai ya ƙara ɗaki ɗaya ko biyu a tsakar gida, ya sa ɗan haya. Da yake ba a sayi filin da tsada ba, ba a kuwa ci bashin banki don ginin ba, haya ba ta yi nauyi ba. Ban da wannan, unguwar tana kusa da wuraren neman abinci. Asibitin Korle Bu, wanda aka buɗe a 1923, yana kudu da ita. Kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai maƙwabciyarta ce, kasuwar Kaneshie ma ba nisa. Mutum yakan tafi aiki da ƙafa, kuɗin mota ya zama na cefane.

Irin wannan gida yana da amfani ga mai iyali. Mace ta tafi kasuwa, tsofaffin gidan suna duban 'ya'yanta. Yaro ya yi rashin kunya a titi, wanda ya gan shi zai tsawata masa, gama ɗa na kowa ne. Mata da yawa a ƙofar gida suke sana'arsu, suna sayar da koko da ƙosai da safe, da shinkafa da wake da rana. Abincin nan ya bazu cikin ƙasar duka, har mutanen Gana suna kiransa waakye, daga kalmarmu ta wake. In an yi haihuwa ko aure ko rasuwa, akan kafa rumfa a kan titi, unguwa duka ta fito. Da shekaru suka wuce, 'yan haya daga kabilun Ga da Akan da Ewe suka shigo, da yawansu Kirista ne, suna zama gida ɗaya da Musulmi, suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Hausa kuwa ta zama harshen ciniki da gaisuwa a tsakaninsu.

Amma zaman bai rasa gwaji ba. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da doka cewa kowane baƙo marar takardar izini ya bar ƙasar cikin mako 2. Dubban ɗaruruwan mutane suka fita, cikinsu har da waɗanda aka haifa a zango, ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato da idonsu ba. Waɗansu suka sayar da kayansu a wulaƙance, iyalai suka rabu. Kada mu yi saurin ganin laifin maƙwabtanmu, gama a 1983 Nijeriya ma ta kori baƙi, 'yan Gana wajen miliyan 1 suna ciki. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Gwaji na biyu daga cikin gida ya fito. Abin da ya sa haya ta yi araha, shi ne kuma ya tsufar da gidajen. Gidan da yake da magada 20 ba shi da mai gyara, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya sayi kwano. Ƙarin ɗakuna ya cinye tsakar gida, har a waɗansu gidaje makewayi ma an mai da shi ɗakin haya, sai mutane su bi layi a na gwamnati su biya. Magudanan ruwa sukan toshe da damina. Birnin kuma ya kewaye unguwar ta kowane gefe. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum fiye da miliyan 5 a yankin Ankara. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata 6 a gaba, duk da haka masu gidaje da yawa a birnin sukan nemi na shekara 1 ko 2 a dunƙule. Saurayin da yake so ya yi aure yakan yi shekaru yana tara wannan kuɗi. A 2017 majalisar ƙasar ta zartar da dokar kafa asusu domin raya zangogi, aka kuma buɗe ma'aikata dominsu, amma a 2021 aka rufe ma'aikatar.

Mai karatu da ya san Sabon Garin Kano ko na Zariya zai gane labarin nan, sai dai a can Bahaushe ne baƙo. Sabon Zango ya rayu domin masu ƙasa sun yarda sun ba da fili, shugaba ya raba shi ga masu ƙaramin ƙarfi, masu gida kuma suka buɗe zaurensu ga wanda ba su sani ba. Inda ya raunana kuwa, wurin gyara ne da tsabta, abin da ba mai iya yi shi kaɗai. Biranenmu suna girma kowace shekara, kowace rana kuma akwai mai iyali da yake sauka a tasha da kayansa a ka. Mu da muke da ɗaki ko fili a unguwa, ya kamata mu yi tunani a kan kuɗin da muke yanka masa, da irin gidan da muke ba shi ya reni 'ya'yansa a ciki.