Gidan Mai Guga a Titin Jean Jaurès

A unguwar Abasto ta birnin Buenos Aires, babban birnin Ajantina, akwai wani gida mai lamba 735 a kan titin Jean Jaurès. Ba wani katafaren gini ba ne. Irin gidajen masu matsakaicin ƙarfi ne na farkon ƙarni na ashirin, ɗakuna a jere, kowanne yana fuskantar tsakar gida. Tun 2003 hukumar birnin ta buɗe shi a matsayin gidan tarihin Carlos Gardel, mawaƙin da ya fi kowa shahara a waƙar tango. Mai ziyara zai ga hotuna da fayafayan garmaho da takardu, ya kuma saurari muryar mawaƙin cikin ɗaruruwan waƙoƙin da ya naɗa. Sunansa ne a bakin ƙofa, amma duk wanda ya bi tarihin gidan a tsanake zai gane cewa gidan mahaifiyarsa ne, kuma a kan wannan mata ne ƙasashe biyu suka shafe shekaru kusan casa'in suna jayayya.

Sunanta Berthe Gardes, mutanen Ajantina kuma Berta suke ce mata. Ta sauka Buenos Aires daga Faransa a 1893, riƙe da yaro ɗan shekara biyu, ba miji. Sana'arta guga, kuma da dutsen guga ta ciyar da shi. Zuwan irinta ba abin mamaki ba ne a lokacin, domin ƙidayar 1914 ta nuna cewa kusan rabin mazauna birnin ba a ƙasar aka haife su ba. Yaron ya taso yana yawo a kewayen babbar kasuwar kayan gwari ta Abasto, cikin 'yan dako da mahauta da masu shagunan shan gahawa, inda ya fara waƙa don a ba shi abin sawa a bakin salati.

Kafin shi, tango kiɗan rawa ne na unguwannin talakawa da gidajen masha'a, wanda masu hali suka daɗe suna yi wa kallon raini. A 1917 Gardel ya naɗi "Mi noche triste", wadda Pascual Contursi ya rubuta baitocinta, labarin wani mutum ne da masoyiyarsa ta guje masa. Daga wannan faifai masana ke fara lissafin tango a matsayin waƙar da ake zama a saurara. Shekara goma bayan haka, a 1927, kuɗi sun shigo masa, sai ya tare da mahaifiyarsa a wannan gida da ya saya mata. Shi kansa bai zauna sosai ba. Yana Paris, yana Barcelona, daga baya yana New York wajen finafinan kamfanin Paramount. Ya bar gidan a 1933 bai sake komowa ba. Ranar 24 ga Yuni, 1935, jirgin saman da yake ciki ya yi karo da wani a filin jirgin Medellín na ƙasar Kolombiya, ya rasu tare da marubucin waƙoƙinsa Alfredo Le Pera.

Rasuwarsa ce ta tono rigimar da ke kwance. A 1920 Gardel ya je ƙaramin ofishin jakadancin Yurugwai da ke Buenos Aires, ya yi rajista a matsayin wanda aka haifa a garin Tacuarembó na Yurugwai ranar 11 ga Disamba, 1887. Da wannan takarda ya zama ɗan ƙasar Ajantina a 1923, da ita kuma ya yi yawon duniya. Amma a wasiyyar da ya rubuta da hannunsa a Nuwamban 1933, wadda aka buɗe bayan mutuwarsa, ya ce sunansa na yanka Charles Romuald Gardes, an haife shi a birnin Toulouse na Faransa ranar 11 ga Disamba, 1890, kuma Berthe ce mahaifiyarsa da magajiyarsa. A Toulouse ɗin akwai takardar haihuwa mai wannan suna da wannan rana, ba a rubuta sunan uba ba.

To, me zai sa mutum ya ƙara wa kansa shekara uku, ya kuma canza ƙasar haihuwa? Amsar da mafi yawan masu bincike ke bayarwa ita ce yaƙi. Duk namijin da aka haifa a Faransa a 1890 wajibi ne ya amsa kiran soja a 1914, wanda bai amsa ba kuwa hukuma na iya kama shi duk ranar da ya taka ƙasar. Mawaƙin da ke hangen dandalin Paris ba zai so shiga da takardar Faransa ba. (Abin ban sha'awa, Jean Jaurès da titin ke ɗauke da sunansa ya koyar a jami'ar Toulouse, kuma an harbe shi a Paris ranar 31 ga Yuli, 1914, saboda adawarsa da wannan yaƙi.)

Mutanen Yurugwai ba su yarda ba. A wurinsu takardar 1920 ce gaskiya, wasiyyar kuma dabara ce ta ganin dukiya ta faɗa hannun Berta. Suna cewa Gardel ɗan wani babban soja ne na Tacuarembó, Carlos Escayola, wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba, aka damƙa wa Berta riƙonsa don a rufa asiri. Su ma suna da nasu gidan tarihin Gardel a Valle Edén, kusa da Tacuarembó. A ganina takardun Toulouse sun fi nauyi, domin an rubuta su lokacin da babu wanda ya san yaron zai zama wani abu, ba mai riba a ƙirƙiro su. Sai dai abin da ya fi damuna a hujjar Yurugwai shi ne abin da take yi wa Berta: tana ba mawaƙin uba mai muƙami, ta mayar da mai gugar 'yar riƙo. Ba na jin son ƙasa kaɗai ne ya sa labarin ya samu karɓuwa. Mutane na jin nauyin yarda cewa murya irin wannan za ta fito daga ɗakin baƙuwa mai guga da ba ta da miji.

Ginin kansa bai tsira daga sauye-sauye ba. Bayan ya fita daga hannun magada ya zama gidan rawar tango a shekarun 1970, aka rushe bangayen da suka raba wasu ɗakunan, saboda haka abin da ake gani yau gyara ne, ba ainihin yadda Berta ta bar shi ba. Kasuwar Abasto ma an rufe ta a 1984, yanzu rukunin kantunan zamani ce, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke gefenta kuma sunan Gardel take amsawa. Ajantina da Yurugwai sun haɗa kai sun kai tango gaban UNESCO, aka sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2009, amma batun mahaifar Gardel kowa yana kan bakansa.

Lokacin da jirgin ya kama da wuta Berta tana Toulouse wajen ziyarar danginta. Ta komo Buenos Aires ta jira gawar, wadda ta bi ta Panama da New York da Montevideo kafin ta iso a Fabrairun 1936, inda dubban mutane suka raka ta maƙabartar Chacarita. Berta ta ci gaba da zama a gida mai lamba 735 har ta rasu a 1943, aka binne ta a kabari ɗaya da shi.