Tseren da Ba Mu Raɗa wa Suna Ba

A ranar 18 ga Oktoban 1968, a birnin Meziko, maza takwas suka durƙusa a bakin layi domin karawar ƙarshe ta tseren mita 400 a gasar Olamfik. Lee Evans, Baƙar fata daga Amurka, ya zo na ɗaya cikin sakan 43.86, Larry James ya biyo shi da 43.97, Ron Freeman ya zo na uku. Kafin wannan shekara ba a taɓa samun wanda ya sauko ƙasa da sakan 44 ba, kuma sai da aka shekara ashirin kafin Butch Reynolds ya karya bajintar Evans a Zurich a 1988. 'Yan Afirka uku ne suka kai wannan karawa: Amadou Gakou na Senegal wanda ya zo na huɗu, da Tegegne Bezabeh na Habasha, da Amos Omolo na Yuganda. A zagayen share fage kuwa Najeriya ta tura mutum biyu masu sunayen da kunnen Bahaushe ya saba da su, Musa Dogon Yaro da Mamman Makama, ɗaya da laƙabin tsawo, ɗaya da sunan sarauta. Evans ɗin kansa daga baya Najeriya ta zame masa gida. Ya horar da 'yan tserenta tun shekarun 1970, kuma a Legas ya rasu a watan Mayun 2021.

Duk da wannan kusanci, in ka tsaya a Haɗeja ka tambayi mutum sunan wannan wasa da Hausa, lamba kawai zai ba ka. Dambe na da suna, kokawa na da suna, langa da sharo haka, har salon kayarwa da na naushi an san yadda ake kiransu. Wannan kuwa sai dai a ce gudun mita ɗari huɗu, kamar ana awon fili.

Kalmar gudu ita ce matsala ta farko, kuma a Haɗeja ta fi nauyi. Gudu a bakin Bahaushe ya fi karkata ga kuɓuta daga wani abu: gudun hijira, gudun ceton rai, gudun abin kunya, wane ya ranta a na kare. Garin da abin alfaharinsa shi ne Sarki Muhammadu ya ƙi gudu a gaban sojan Turawa a watan Afrilun 1906, har ya samu laƙabin Mai Shahada, ba garin da za a yi wa saurayi kirari da gudu cikin sauƙi ba ne. Dattijo ya ga baligi yana sheƙa gudu a titi, abin da zai fara tambaya shi ne lafiya. Kalmar da ta dace tana nan, wato tsere. Tsere na buƙatar abokin karawa da wurin da aka nufa, kuma wanda ya tsere wa tsara an san ya yi fice ne. Ina ganin malaman makaranta da masu labarin wasanni a rediyo su riƙe ta su bar ɗayar, domin uban da aka ce masa ɗansa ya zama gwanin tsere ba zai ji abin da zai ji ba in an ce masa ɗan nasa ɗan gudu ne.

Akwai abin lura a nan. Harshenmu ya rarrabe tafiyar doki dalla-dalla: taƙama daban, sassarfa daban, kilisa daban, sukuwa daban, zamiya daban. Yaron da ya taso yana kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Haɗeja ya san bambancinsu tun bai iya karatu ba. Amma tafiyar ɗan Adam a guje ba ta samu wannan kulawa ba, saboda a da doki ne ke ɗaukar saurin da ke jawo daraja, mai gudu a ƙasa kuwa ko ɗan aike ne ko zagi. Shi ya sa da wasannin makaranta suka zo zamanin Turawa aka tattara su duka a suna ɗaya mai faɗi, guje-guje da tsalle-tsalle, sunan da ke sa wasa ya yi kama da hayaniyar yara a tsakar gida. In da za a aro daga dawaki, mita 400 sukuwa ce tun daga tashi har ƙarewa, babu sassarfa a cikinta.

Sai kuma wata kalma da nake ganin an ajiye ta inda ba wurinta ba. Kafofin labarai kan kira dogon tseren nan na kilomita 42 gudun famfalaki, wasu su ce gudun ya-da-ƙanin-wani. Amma a duba hoton da ke cikin sunan na biyu: tashin hankali ya kai mutum ya yar da yaron da aka ba shi riƙo domin ya tsira da kansa. Wannan gudu ne na iya ƙarfi, wanda ba a ajiye komai don anjima. Mai dogon zango ba haka yake yi ba, lissafi yake yi, yana tattalin numfashi har sa'a biyu da wani abu. Wanda ke yar da komai shi ne ɗan mita 400. Jikin mutum ba ya iya riƙe cikakken sauri fiye da sakan kaɗan, ƙarfin da tsoka ta tanada yana ƙarewa, iska kuma ba ta isowa da saurin da ake ƙona ta. Saboda haka kusan kowane gwani rabin farko ya fi masa rabi na biyu sauri, kuma a mita ɗari na ƙarshe cinyoyi kan yi nauyi, hannuwa su ƙage. Wanda ya ci shi ne wanda saurinsa ya fi jinkirin raguwa. Duk wanda ya taɓa ganin ɗalibai suna zubewa a bakin layi ranar gasar gidaje ta makaranta ya ga ma'anar wannan suna da idonsa.

Ita lambar ma ba haka ta fara ba. Dattawan da suka yi makarantar midil ko sakandare kafin shekarun 1970 yadi 440 suka sani, wato rubu'in mil, domin da awon Ingila aka shata filayensu. Yadi 440 ya ɗara mita 400 da mita biyu da 'yan kai. Gasar ƙasashe renon Ingila ba ta koma mita ba sai a Edinburgh a 1970, kuma a 1976 hukumar wasannin tsere ta duniya ta daina karɓar bajintar da aka auna da yadi, in ban da tseren mil ɗaya. 'Yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi ba su bi ta wannan hanya ba, tun farko awon Faransa suka tarar. Yau yadi ya koma hannun masu atamfa da tela, kamar yadda kamu da gaba da taki suka ja baya tun kafin shi. Taki ne kaɗai na ji takaicin rashinsa a filin wasa, domin shi ne ainihin abin da mai horarwa ke gyarawa: tsawon taki da yawansa.

To me zai hana a ce tseren zagaye ɗaya, tunda kewayen filin zamani mita 400 ne cif? Sunan na da daɗin faɗa, kuma ɗan kallo zai gane shi nan take. Sai dai gaskiyarsa ba ta cika ko'ina ba. A layi na farko kaɗai kewaye ke zama mita 400. Kowane layi faɗinsa mita 1.22 ne, na waje sun fi tsawo, don haka ake jera 'yan tsere a karkace, mai layi na takwas ya tsaya gaba da na farko da fiye da mita hamsin. Yakan fara ne ba ya ganin kowa, ba ya da wanda zai auna saurinsa da shi. Daga wannan layi na takwas Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu ya yi sakan 43.03 a Riyo a watan Agustan 2016, ya kawar da 43.18 ɗin da Michael Johnson ya kafa a 1999. A filin cikin ɗaki kuma kewaye mita 200 ne, saboda haka da Sunday Bada, ɗan sandan Najeriya, ya zama zakaran duniya a Faris a 1997, zagaye biyu ya yi.

Shi kansa layin yana da labari. A Olamfik ɗin Landan na 1908, a filin da kewayensa sulusin mil ne, an yi karawar ƙarshe ta mita 400 babu layuka. Alƙalai suka ce John Carpenter na Amurka ya tare wa Wyndham Halswelle na Birtaniya hanya, suka kore shi, suka ce a sake. Sauran Amurkawan biyu suka ƙi fitowa, Halswelle ya zagaya shi kaɗai ya karɓi zinare. Daga gasar 1912 aka raba wa kowa layinsa a karawar ƙarshe. A yawancin makarantunmu na karkara, daga Auyo zuwa Guri da Kiri Kasamma, layin nan da toka ko farar ƙasa ake zana shi a kewayen filin ƙwallo, damina ta zo ta shafe. Sau da yawa ba a auna kewayen ba, don haka yaro na iya yin zagaye ɗaya ba tare da ya yi mita 400 ba, kuma lokacin da aka rubuta masa ba zai yi amfani a Dutse ko Kaduna ba. Wannan ya fi damuna a kan duk wata muhawarar suna, domin fadamar nan cike take da samari masu dogon taki da suka saba da rairayi da laka tun suna korar tsuntsu a gonar shinkafa.

Akwai kuma daƙiƙa. A Larabcin da muka aro ta, minti take nufi, kuma almajirin da ya yi karatun littattafai haka ya san ta. A rediyo kuwa ta zama sakan. In aka ce Innocent Egbunike ya yi daƙiƙa 44.17 a Zurich a 1987, shekarar da ya ci azurfa a gasar duniya a Rum, malamin zaure zai iya fahimtar minti arba'in da huɗu, lokacin da ya ishi tsoho ya taka daga gari zuwa gona. A wasan da ake rabuwa da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, wannan ruɗani ba ƙarami ba ne. Sakan ta riga ta zauna a bakin direba da mai gyaran agogo, ba ta da ma'ana biyu, ita ya kamata a riƙe.

Tseren miƙa sanda ne kaɗai ya yi dace da suna mai bayyana kansa, kuma a nan ne Najeriya ta fi cin riba. A Sidni a 2000 Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong suka zo na biyu a mita 400 sau huɗu. Bayan Antonio Pettigrew na Amurka ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun ƙwayoyi, aka ƙwace zinaren ƙasarsa, aka tabbatar wa Najeriya shi a 2012, watanni kaɗan bayan rasuwar Bada a Disambar 2011. A Atan a 2004 kuma Musa Audu na cikin huɗun da suka ɗauko tagulla. Game da sunan tseren mutum ɗaya kuwa, ni dai zan ci gaba da rubuta tseren mita 400 a takarda saboda daidaito, a baki kuma in ce tseren zagaye, muddin filin an auna shi da gaske.